Gambun Katako Ko Na Ƙarfe? Nazari Kan Tsaron Ƙofar Gida A Ƙasar Gobir

Gabatarwa

Wanda duk ya ratsa garin Sabon Birni ko na Isa, ko wani daga cikin manyan ƙauyukan gabashin Jihar Sakkwato, ba zai rasa cin karo da rumfar masu walda ba, ga ƙyamaren ƙarfe a jingine suna jiran mai saye. A da, idan magidanci ya gama gini, kafinta yake kira ya auna masa ƙyaure, wanda mutanen wannan yanki suka fi sani da suna gambu. A yau kuwa da yawa mai walda suke fara nema. Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Tun daga wajen shekarar 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a wannan yanki na iyakar Nijeriya da Nijar, har dubban mutane suka bar gidajensu suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi. A ƙarshen watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyuka na Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. A irin wannan hali, maganar ƙofar gida ta tashi daga maganar ado, ta koma ta rai da dukiya.

To, magidancin da kuɗinsa ƙalilan ne, wanne ya kamata ya saya, gambun katako ko na ƙarfe? A ganin mutane da yawa tambayar ba ta bukatar dogon tunani, tunda kowa ya san ƙarfe ya fi itace ƙarfi. Amma fa akwai gambun ƙarfen da gatari ke ɓarkewa nan da nan, akwai kuma na katakon da zai gajiyar da ƙato. Kafin a yanke hukunci sai an san halittar katako da halin ƙarfe, da yadda yanayin wannan ƙasa ke yi wa kowannensu, da kuma inda ƙofa ke karyewa idan an tasam mata.

Ƙofa A Zamanin Da

Tsaron ƙofa tsohon ilmi ne a ƙasar Gobir. Alƙalawa, babban birnin Gobirawa wanda ya faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, birni ne mai ganuwa, kufansa kuma yana cikin ƙasar Sabon Birni ta yanzu. Shi kansa Sabon Birni, wanda Ɗan Halima ya kafa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sunansa ya isa shaida, domin a da ba a kiran gari birni sai yana da ganuwa. A wancan zamani tsaro hawa-hawa ne: ganuwa da ƙofofinta, sa'an nan katangar gida ko darni, sa'an nan zaure inda maigida ke zaune yana ganin mai shiga da mai fita. Ɗakunan cikin gida kuwa sau da yawa asabari ko tufaniya kawai ake saukewa, saboda aikin tsaro an riga an yi shi daga waje.

Abin lura a nan shi ne irin ƙyauren da ake sanya wa ƙofar birni. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato a 1824, ya bayyana cewa ƙyamaren ƙofofin Kano na itace ne da aka lulluɓe da fallayen ƙarfe, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe da faɗuwarta. Ke nan maƙera da masassaƙan da ba su ɗauki itace da ƙarfe a matsayin kishiyoyi ba. Sun gane cewa kowanne yana da abin da ɗaya ya rasa, sai suka haɗa su.

Mene Ne Katako?

Idan aka yanka gangar jikin bishiya aka duba ta da madubin ƙara girma, za a ga ta ƙunshi miliyoyin ƙwayoyin halitta dogaye masu rami a ciki, a jere bisa tsawon bishiyar, tamkar damin kara da aka ɗaure tamau. Bangon waɗannan ƙwayoyi an gina shi da wani sinadari mai kama da zare, wanda ake kira selulos, shi ne kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin busasshen itace. Akwai kuma wani sinadarin, liginin, kimanin kashi 20 zuwa 30, wanda ke manne zaren wuri ɗaya kamar yadda laka ke riƙe ramno a ginin ƙasa. Wannan tsari shi ya sa itace ke da wuyar karyewa a gicciye amma yake da sauƙin tsagewa a tsaye, abin da kowane mai faskare ya sani. Saboda haka gambun da aka jera allunansa a tsaye kawai, ba tare da an ɗaure su da wasu a gicciye ba, yana da rauni komai kaurinsa.

Har ila yau, gangar bishiya kashi biyu ce. Akwai farin gefe da ke bin bayan ɓawo, wanda ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, a nan kuma bishiya ke ajiye abincinta na sitaci. Akwai kuma zuciya, wato tsakiyar da ta daina aiki, wadda bishiya ta cika da sinadarai masu ɗaci da guba, su ne ke ba ta launi mai duhu. Waɗannan sinadarai su ne garkuwar itace. Farin gefen kowace irin bishiya, komai darajarta, abincin ƙwari ne. Don haka idan mai saye ya ga allo yana da ratsin fari a gefe, ya sani ya ga ƙofar da ɓarna za ta shigo.

Maƙiyan Katako

Babban maƙiyin katako a wannan yanki shi ne gara. Gara na zaune ne jama'a guda a ƙarƙashin ƙasa ko cikin suri, da uwa mai yin ƙwai, da sojoji, da ma'aikata masu fita neman abinci. Fatar jikin ma'aikatan siririya ce ƙwarai, busasshiyar iska na kashe su, shi ya sa ba su tafiya a fili sai sun gina hanya ta laka sun bi ta ciki. Selulos abu ne mai wuyar narkewa, dabbobi kaɗan ne ke iya cin gajiyarsa, amma gara ta sami mataimaka. Wasu nau'o'inta suna da ƙananan halittu a cikin hanjinsu masu narkar musu da shi. Manyan masu gina suri kuwa, waɗanda masana ke kira Macrotermes, noma suke yi: sukan tattauna itace su jibge a cikin suri, su shuka wani nau'in fumfuna mai suna Termitomyces a kai, idan ya ruɓar da shi sai su ci. Haɗarin gara ga tsaro shi ne daga ciki take ci, ta bar fatar waje da fentinta lafiya lau. Firam ɗin ƙofa na iya zama holoƙo shekara guda maigida bai sani ba, sai ranar da aka banke shi.

Na biyu ita ce gunda, ƙwaron nan da tsutsarsa ke huda itace tana zubo da gari mai laushi. Sitacin farin gefe take bi, ba ta cika damuwa da zuciya ba. Na uku shi ne dangin fumfuna masu ruɓar da itace. Su ba su iya aiki sai laimar katako ta haura kashi 20 cikin 100, don haka a ƙasa mai fari irin Gobir ɓarnarsu ta taƙaita ga gindin firam da ƙasan gambu, inda ruwan indararo ke fantsama da damina, da kuma gidajen da ke kusa da fadamun gulaben Rima da Bunsuru, inda ƙasa kan daɗe da danshi.

Maganin waɗannan duka kusan ɗaya ne, wato a raba katako da ƙasa. A ɗora ƙafafun firam bisa dokin ƙofa na siminti, a bar su a sarari yadda za a ga hanyar gara da zarar ta fara gini, a kankare ta. Shafa baƙin man inji da aka saba yi yana ɗan taimakawa, amma ba ya ratsa cikin katako sosai, kuma yana ƙara masa saurin kamawa da wuta. Magungunan da ake amfani da su a da, irin su aldirin da dildirin, an haramta su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, aka kuma ƙara da lindan a 2009, saboda suna daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin ɗan Adam. Bai kamata a neme su ba, balle a gidan da ke da rijiya. Magungunan da aka haɗa da sinadarin boron sun fi su sauƙin illa, sai dai ruwa na wanke su, don haka sai an bi su da fenti.

Katako Da Yanayin Gobir

Ko bayan an sare bishiya, katako bai daina mu'amala da iska ba. Idan iska na da laima sai ya sha ya kumbura, idan ta bushe sai ya saki ruwan ya tsuke. Wannan motsi kusan duk a faɗi yake faruwa, a tsawo bai taka kara ya karya ba. A ƙasar Gobir kuwa tazarar da ke tsakanin damina da hunturu babba ce. A watan Agusta iska a jiƙe take, amma daga Disamba zuwa Maris laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A tsakanin waɗannan lokuta biyu, laimar katako kan tashi daga wajen kashi 14 ta koma wajen kashi 6. Ga gambu mai faɗin santimita 90, wannan na iya kawo tsukewar santimita 1 zuwa 2. Shi ya sa ƙofar da ke cijewa da damina, da hunturu sai a ga haske na shigowa ta tsakanin allunanta, harshen kuba kuma da ƙyar yake kama raminsa. Wannan giɓi shi ne wurin da ɓarawo ke zura ƙarfe.

Matsalar ta fi muni ga katakon da aka kawo daga dazuzzukan kudu aka yi aiki da shi nan take, domin ya taso daga ƙasa mai laima. Kamata ya yi a jera shi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakanin allo da allo, ya sha hunturu guda kafin kafinta ya taɓa shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wane Itace?

Maɗaci, wanda masana ke kira Khaya senegalensis, yana cikin itatuwan da suka fi dacewa. Zuciyarsa ja ce mai nauyi, mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi kan kai kilo 700 zuwa 800, gara kuma ba ta cika son sa ba. Kawo ya yi fice wajen rashin motsi da sauyin yanayi. Loko, wanda ake kawowa daga kudu, shi ma yana da juriya. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, ta fi su tauri, sai dai samun allo mai faɗi daga gare ta da wuya, ta fi kyau a yi sakata da ita. Giginya kuwa halittarta daban ce, domin ƙarfinta a gefe yake, tsakiyarta taushi gare ta. Daga gefen nan ake tsaga azara, wadda magina suka daɗe da sanin gara ba ta cika cin ta ba. Darbejiya 'yar dangin maɗaci ce, tana da juriya matsakaiciya, ga ta kuma ko'ina. Waɗanda ba su dace da ƙofar waje ba su ne fararen katakai marasa nauyi irin su obece, da kuma gambun shafe mai holoƙo wanda aka lulluɓe da siraran fallaye. Wannan na ɗakin ciki ne, don sutura kawai.

Sai dai akwai wani lissafin da bai kamata a manta da shi ba. Bishiyar maɗaci kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa yanka, kuma manyan itatuwa sun yi ƙaranci a arewacin Sakkwato, inda hamada ke matsowa. A taron da aka yi a Panama a 2022, an sanya maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe, bayan an riga an sanya maɗobiya tun 2016. Wannan ƙaranci shi ya sa katako nagari ya yi tsada, shi ya kuma sa jabu ya yawaita, inda ake rina farin katako a sayar da shi da sunan ja. Mai saye ya ɗaga allo ya ji nauyinsa, ya kuma kankare gefe ya ga ko launin ya ratsa ciki.

Halin Ƙarfe

Ƙarfen da masu walda ke aiki da shi baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan sinadarin kabon. Gara ba ta cin sa, laima ba ta kumbura shi, ba shi kuma da layin tsagewa kamar itace. Amma ƙarfinsa duka ya rataya ne a kan kauri. Ana auna fallen ƙarfe da geji, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne, gwargwadon girman lambar geji, gwargwadon sirantar falle. Geji 16 kimanin milimita 1.5 ne, geji 18 kimanin 1.2, geji 20 bai cika milimita 1 ba, geji 24 kuwa wajen 0.6 ne kawai. Da zarar an shafa fenti, ido ba ya bambance su.

Sikeli kuwa yana bambancewa. Ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya da kaurin milimita 1 nauyinsa kilo 7.85 ne. Saboda haka fallen da zai rufe ƙofa mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90, idan milimita 1.5 ne zai kai kilo 21, idan milimita 2 ne zai kai kilo 28, ban da nauyin ƙarafan da aka yi masa ƙashi da su. Gambun ƙarfen da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu ɗaya ya yi tafiyarsa, an yi masa rowar ƙarfe. Haka kuma da yawa daga cikin ƙyamaren kanti masu sheƙi, waɗanda ake shigowa da su daga waje, siraran fallaye biyu ne da aka cusa wa takarda ko soso a tsakani. Araha ba ta ado. Wajibi ne kuma a duba haƙarƙarin bayan gambu, a tabbata suna kusa da juna, kuma walda ta bi su sosai, ba ɗigo-ɗigo aka yi ba.

Maƙiyin ƙarfe shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa. Gishiri na hanzarta ta, shi ya sa fitsarin dabbobi da ruwan wanke-wanke ke cinye ƙasan gambu da wuri. Tsatsa ba ta manne wa jikin ƙarfe, ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, don haka ba ta tsayawa da kanta. Rigakafinta shi ne a goge ƙarfe tas, a shafa jan fenti na share fage kafin fentin ado, har da ƙasan gambu da wuraren walda, ko kuma a yi amfani da fallen da aka yi wa rufin zinki. A ƙasa mai gajeriyar damina irin wannan, ƙarfen da aka kula da shi kan daɗe ƙwarai.

Game da zafi, ƙarfe na miƙewa kaɗan: gambu mai tsawon mita 2, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, ba ya ƙara ko milimita ɗaya cikakke. Damuwar ita ce yadda yake ɗaukar zafi ya wuce da shi, wanda ya ninka na katako sau 300 ko fiye. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, gambun ƙarfen da ke fuskantar yamma kan mai da ɗaki kamar tanda, har masu ɗaki su gwammace su kwana a waje ko su bar ƙofa a buɗe. Ƙofar da zafi ya hana a rufe ta kuwa ba ta tsare kowa ba. Rumfa a bisa ƙofa, da farin fenti, da allon katako a bayan falle, duk suna rage wannan matsala.

Idan Wuta Ta Tashi

A nan ne sakamakon ya saɓa wa zaton mutane. Katako na ci da wuta, amma mai kauri a hankali yake ci, kimanin milimita 0.6 zuwa 0.7 a minti guda, domin gawayin da ke samuwa a fuskarsa yana kare na ciki. Shi ya sa a Ingila gambun katakon da aka tanada don jure gobara ta minti 30 kaurinsa kan kasance milimita 44. Ƙarfe ba ya ci da wuta, amma idan zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, tun kafin nan kuma yakan karkace ya cije a cikin firam, ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi. Masu kawo ɗauki za su iya fasa na katako da gatari, na ƙarfe kuwa yakan tsare su a waje kamar yadda yake tsare ɓarawo.

Yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke fara gamawa da su. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin sau 200 ko fiye. Kaskon gawayi da hunturu, ko janareta, a ɗakin da aka toshe da gambu mai kamewa tsaf, ya isa ya halaka mutane suna barci. Duniya ta koyi darasin kullen ƙofa da tsada: a ranar 25 ga Maris 1911, ma'aikata 146 suka mutu a gobarar wata masana'antar ɗinki a birnin New York na Amurka, da yawansu saboda an kulle ƙofar fita. Don haka duk irin gambun da aka zaɓa, a tabbata ana iya buɗe shi daga ciki, cikin duhu, ba tare da neman mabuɗi ba, kada kuma a kulle mata da yara da kwaɗo ta waje. Gida na bukatar mafita ta biyu, ko da ta taga ce mai ƙarfen da ake buɗewa daga ciki.

Inda Ƙofa Ke Karyewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai fasa gida ba ya cika ɓata lokacinsa a tsakiyar gambu, gefe yake nema: wurin kuba, da hinji, da inda firam ya haɗu da bango. Makaminsa kuma tsohuwar dabara ce ta ɓanɓara. Idan aka zura sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya a giɓi, bakinta ya shiga santimita 5, ƙarfin mai dannawa kan ninku kusan sau 20. Wato dannawar kilo 50 ta zama kusan tan guda a kan harshen kuba. Ƙananan ƙusoshi ba su jure wannan.

Saboda haka ga abubuwan da suka fi nau'in gambu muhimmanci. Na farko, firam ya kafu da ƙafafu aƙalla uku a kowane gefe, waɗanda suka nutse cikin gini, idan na ƙarfe ne kuma a cika cikinsa da kwaɓin siminti. Na biyu, a ginin ƙasa a tayar da ginshiƙan bulo ko kankare a gefen ƙofa biyu, da linta a sama, domin gambu mai nauyi, wanda na maɗaci mai kaurin milimita 45 kan kai kilo 60, yana girgiza bangon laka har firam ya saki. Na uku, hinji ya zama uku, kuma ya kasance ta ciki. Idan dole ya fito waje, a dasa 'yan ƙarafa a gefen gambu masu shiga cikin firam idan an rufe, yadda ko an yanke hinji gambu ba zai fita ba. Na huɗu, kwaɗon da ke rataye a fili saran guduma ɗaya yake jira, a yi masa akwatin ƙarfe. Na biyar, kada a raina sakatar gargajiya mai gittawa daga bango zuwa bango. Ita ce ke raba nauyin bugu ga ginin gaba ɗaya, kuma ba ta bukatar mabuɗi. Daga ƙarshe, a huda ɗan ramin leƙe, domin ƙofofi da yawa masu gida ne ke buɗe su da hannunsu.

Abin Da Ƙofa Ba Ta Iyawa

A ƙasashen Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 1627 wadda ake gwada ƙofofi da ita, kuma abin da take aunawa shi ne lokaci. Ƙofa mai daraja ta 2 ita ce wadda ta jure minti 3 a hannun mai ƙananan kayan aiki, ta 3 minti 5 a hannun mai sandar ɓanɓara, ta 6 kuwa, wadda ita ce ƙoli, minti 20. Ke nan ko masu ƙera ƙofofi mafi tsada ba su yi alkawarin ba za a fasa ba. Aikin ƙofa shi ne ta jinkirta mai shiga, ta tilasta masa yin ƙara, ta ba na ciki damar kururuwa ko tsira ta wata hanya.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da bindiga. Harsashin bindigar yaƙi yana ratsa fallen ƙarfe na milimita 2, yana kuma ratsa allon katako, saboda haka tsayawa a bayan gambu ana tokare shi ganganci ne. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin musibun da suka auka wa wannan yanki a kan hanya da gona da kasuwa suka faru. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota; a 2024 kuma a kan hanya aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agustan shekarar. Irin wannan ya fi ƙarfin kafinta da mai walda. Hakki ne da ke wuyan hukuma, da kuma haɗin kan jama'a.

Kammalawa

Idan aka auna duka, ga ƙofar waje ta gidan bulo, gambun ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, mai haƙarƙari da firam kafaffe, shi ya fi dacewa da wannan yanki, saboda gara da hunturu ba su yi masa komai, katako nagari kuma ya yi wuya. Ga ɗakunan kwana, musamman masu fuskantar rana, gambun zuciyar katako busasshe ya fi sanyi, ya kuma fi sauƙin fasawa ranar gobara. Wanda ya gaji tsohon gambun maɗaci mai lafiya, kada ya musanya shi da siririn falle. Ya lulluɓe fuskarsa da ƙarfe bayan ya shafe su duka da fenti don kada ruwa ya kwanta a tsakani, kamar yadda aka yi wa ƙofofin birane a da. Wanda gidansa na ƙasa ne, ya fara kashe kuɗinsa a kan ginshiƙi da firam da sakata kafin gambu. Bayan haka sai kulawa: a duba gindin firam farkon damina da ƙarshenta, a ƙwanƙwasa katako a ji ko ya yi holoƙo, a kankare tsatsa a sake fenti. Maƙwabta kuma su yi shawara tun da rana a kan abin da kowa zai yi idan ya ji bugu a ƙofar ɗan'uwansa da dare, domin 'yan mintocin da gambu ke samarwa ba su da amfani idan ba wanda zai amsa kira. Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.